Yadda za ka zaga Landan ba tare da aljihunka ya yi kuka ba

Daga filin jirgin Heathrow, hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly. Jirgin ƙasa na Heathrow Express ya fi sauri, amma kuɗinsa ya ninka sau da yawa.

Motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai katin Oyster (katin biyan kuɗin sufuri na Landan) ko katin banki na taɓawa. Riƙe kati ɗaya tak duk yini, domin akwai iyakar abin da za a cire maka a rana. In ka haɗa kati biyu, kowanne lissafinsa daban. A jirgi, taɓa katin wajen shiga da wajen fita. Wanda ya manta na fita, kuɗi mafi tsada za a caje shi. A bas kuwa, duk canjin da ka yi cikin awa ɗaya kuɗin hawa ɗaya ne.

Gidan tarihi na British Museum da gidan zane-zane na National Gallery kyauta ake shiga. Bas mai lamba 24 yana bi ta dandalin Trafalgar Square da gaban majalisar dokoki; hau benen bas ɗin ka zauna gaba.

Ruwan famfo lafiyayye ne, ɗauki gora. Abincin halal mai sauƙin kuɗi kuma, nufi Whitechapel, kusa da babban masallacin unguwar.