Yadda za ka haɗa rumbun bayanai don bincike kan cinikin intanet a Sakkwato

Kusan duk ɗalibin ajin ƙarshe da ya kawo mini aikinsa in duba, manhaja irin ta Jumia yake son gina wa 'yan kasuwarmu. Ni ma da haka na fara, na ɓata wata biyu ina zane kafin na taka ƙafa cikin kasuwa.

To ka rufe kwamfutar tukuna. Nemi shago ɗaya, na masu takalma da jakunkunan fata ko na mai atamfa a Babbar Kasuwa, ka yi kwana uku a zaune. Za ka ga cinikin intanet ɗinmu: hoto a WhatsApp, a yi ciniki da saƙon murya, a turo kuɗi ta Opay ko Moniepoint, yaron shago ya kai kaya tasha a ba direban Kano ko Birnin Kebbi. Wannan tafiyar ce rumbunka zai ɗauka.

Cikin bayanan da za ka nema a shagon, littafin bashi shi ne mai wuyar samu. Ranar da na roƙa, mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, mi kaka so da asirin mutane?" Yana da gaskiya, kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana bayansa. Na ce, "Alhaji, sunaye ba za su fita ba, lamba zan ba kowa." Sai da ya ga na yi hakan a gabansa ya ba ni littafin.

Sannan ka raba bayanan gida uku: masu saye, kaya, da ciniki. Tsarin da Edgar Codd ya fitar ke nan a kamfanin IBM a 1970, kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya, lamba ta haɗa su. Kada ka kuskura ka dogara da suna. A littafin nan mutum ɗaya ya fito a Muhammadu, Mamman da Alhaji Mamman mai shanu, ga wasu Mamman biyu daban. Lambar waya ta fi, amma ka adana ta a matsayin rubutu, don Excel yana cinye sifirin farko, lamba 11 ta koma 10. Haka ya yi mini da layi ɗari da wani abu, na zauna ina mayarwa da hannu cikin zafin watan Afrilu.

Farashi kuwa ka rubuta shi a layin kowane ciniki, ba a jikin kaya kaɗai ba. Nan ana tayi ana ragi, kuɗin jiya ba shi ne na yau ba. Ka buɗe gurbin abin da aka biya da na saura, da gurbin hanyar biya. Da wannan na ƙarshen za ka iya nuna yadda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa mutane komawa tura kuɗi ta waya, in littafin ya kai can.

SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, ya ishe ka, ba ya buƙatar intanet. Ka sa shi a tsarin adana haruffa na UTF-8 don ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai. Takardun da za ka karanta, shafin Google Scholar da AJOL, ma'ajiyar mujallun bincike na Afirka a intanet, suna da na Najeriya da yawa. Kullum ka tashi aiki ka kwafi fayil ɗin a filas, wani kwafin ka tura wa kanka ta imel.