Yadda nake lura da zuciyar Yaya, mai cutar akromegali

Zoben Yaya ne ya fara matse masa yatsa, takalminsa ya daina shiga. Asibiti suka gano ƙari a ƙullin fituwitari da ke gindin ƙwaƙwalwa, yana zubo sinadarin girma fiye da kima, cutar da ake kira akromegali ke nan. Sinadarin na kaurara naman zuciya, har ɓangaren dama mai tura jini zuwa huhu.

Ga abin da nake yi. Da dare ina sauraren minsharinsa. Harshensa ya ƙaru, numfashi kan ɗauke masa cikin barci, hakan yana ɗaga bugun jini a jijiyoyin huhu, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta wahala. Mutane na mayar da minshari abin dariya, ni kam a'a.

Da safe yakan hau sikeli. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, sai asibiti. Ina danna ƙaurinsa da babban yatsa, in ya bar rami ruwa ne ya taru. Ina duba kumburin ciki da jijiyoyin wuya. Gishiri da magi na rage.

Ku roƙi likita gwajin IGF-1 (gwajin jini mai nuna yawan aikin sinadarin girma) da hoton zuciya na eko, ya duba dama, ba hagu kaɗai ba.