Kurakuran da aka fi yi wajen gwada maganin cututtukan ƙwaƙwalwa a kan ɓeraye

Ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzaima, mai sa mantuwa, da kansa. Masu bincike ne ke dasa masa ƙwayoyin gado na ɗan Adam, irin masu sa cutar ta bi dangi, alhali masu wannan nau'in ba su kai kashi 5 cikin 100 na majinyata ba. Sai ka ga magani ya share furotin ɗin amiloid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar, daga ƙwaƙwalwar ɓera, an hau cewa an samo maganin mantuwa. Abin da aka nuna shi ne yana share amiloid, iyakarsa ke nan, haka kuma ya kamata a rubuta.

Sai batun lokaci. Akan fara ba ɓera magani tun yana ƙarami, kafin wata alama ta fito, mutum kuwa ba ya zuwa asibiti sai ɓarna ta yi nisa. Rigakafi aka gwada ke nan. A ware rukunin da ba za a ba su komai ba sai cutar ta bayyana.

Kuskuren da ya fi muni a ganina shi ne na tsarin gwajin kansa. Maganin minosaikilin ya tsawaita ran ɓeraye masu cutar ALS, mai lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka, amma da aka gwada shi a kan mutane, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna jikinsu ya ma fi saurin lalacewa. A 2008 wata cibiyar binciken ALS a Amurka ta sake gwada shi da wasu magunguna a kan ɓerayen SOD1, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon da ke jawo ALS, bisa tsari mai tsauri, amfanin nan duk ya ɓace. Gyaran ba ɓoyayye ba ne: a raba dabbobi ta hanyar ƙuri'a, a rarraba 'yan ciki ɗaya tsakanin rukunoni, a daidaita maza da mata, kada mai aunawa ya san wanda ya sha magani. Adadin dabbobin ma a lissafa shi tun kafin a fara. Ƙa'idojin ARRIVE na bayar da rahoton bincike a kan dabbobi, da aka sabunta a 2020, sun tanadi yawancin wannan.

Akwai kuma na ban takaici: wasu jinsunan ɓeraye na ɗauke da ƙwayar gado ta rd1 mai makantar da su. In ka saka makahon ɓera a kwamin ruwa na Morris, inda ake gwada ko zai tuna wurin da aka ɓoye dandamali a cikin ruwa, ya kasa gano dandamalin, sai ka ɗauka mantuwa ce. A duba ganinsa tukuna.