Yadda Za Ka Shirya Wa Waƙoƙi Da Labaran Yaƙi A Jarrabawar Adabin Turanci

Ɗalibai da dama sukan haddace waƙa tun daga ɗangon farko har na ƙarshe, su shiga ɗakin jarrabawa su sake ba da labarinta, sakamako ya fito su riƙe baki. Mai duba takarda ya san labarin tun kafin a haife ka. So yake ka nuna masa inda mawaƙin ya tsaya a kan yaƙin, da dabarar da ya bi har maganarsa ta taɓa mai karatu.

Kafin ka taɓa ko baiti ɗaya, nemo shekarar da aka rubuta waƙar, ka sa ta da fensir a saman shafi. Rupert Brooke ya rubuta "The Soldier" a 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Farko na danye, samarin Ingila na rububin shiga soja. Shi ya sa mutuwa a bakinsa abin alfahari ce. Ya rasu a 1915 da rashin lafiya a hanyar Gallipoli, wani fagen yaƙi a Turkiyya, bai ga abin da ya biyo baya ba. Ran 1 ga Yulin 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojojin Birtaniya sama da 19,000 aka kashe. Wilfred Owen kuwa ya kwana cikin ramukan yaƙi, kuma a 1917, yana jinya a asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh, ya rubuta "Dulce et Decorum Est". Da ka jera shekarun nan, rabin amsar tambayar kwatance ta fito.

Sai ka karanta waƙar a bayyane, sau biyu aƙalla, kana jan layi ƙarƙashin kowane hoto. Nan ne wurin zama. Owen ya buɗe da sojoji sun ranƙwafa kamar tsofaffin mabarata, suna tari, wasu takalma sun salwanta, ƙafafu duk jini. Kwatsam aka yi ihun iskar guba, kowa ya lalubi abin rufe fuska, ɗaya bai sa nasa da wuri ba. Ta cikin gilashi mai hazo mawaƙin ya hango shi kamar mai nutsewa a koren teku. A ƙarshe ya ɗauko tsohon zancen Latin na Horace, mawaƙin Rum ta dā, wanda daga shi sunan waƙar ya fito, wai mutuwa don ƙasa abu ne mai daɗi da dacewa, ya kira shi ƙarya. To kada ka tsaya a kan "ya yi amfani da kamance". Faɗi me kamancen ya yi: saurayin da aka raka da ganguna ya koma mabaraci, kwarjinin kaki ya zube. Kowane sakin layi na amsarka ya zo da ra'ayinka, da gajeriyar hujja daga waƙar, da tasirinta.

An kashe Owen ran 4 ga Nuwamban 1918, saura mako guda a tsagaita wuta. Ambace shi a layi ɗaya ka wuce; ba tarihinsa aka tambaye ka ba.

Ƙagaggen labari ba ya haddatuwa, kada ma ka gwada. Zaɓi tauraro ɗaya da wani abu mai yawan dawowa, ka bi sawunsu. A littafin Erich Maria Remarque na 1929, "All Quiet on the Western Front", bi Paul Bäumer daga ajin malamin da ya zuga su shiga soja, ka kuma bi takalman Kemmerich, abokin Paul da ya mutu a yaƙin, waɗanda duk wanda ya gada shi ma ya bi sahun mai su. Takalman nan kaɗai sun isa amsa tambaya a kan jigon arhar rai.

In manhajarku ta haɗa da waƙoƙin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, irin "The Casualties" ta J. P. Clark, hanyar ɗaya ce.

Saura tsoffin tambayoyi. Rufe littafin, aje agogo a gabanka, ka ba kanka minti 40. Abin da ka kasa tunowa shi ne karatunka na gobe.