Babi na Shida: Gwajin Ƙanjamau a Ɗaki

Darasi na 1: Karanta layi

'Yan uwa mata, binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mu mata mun fi maza ɗauke da ƙwayar HIV, kusan ninki biyu. Kuma ba a ganinta a fuska. Sai an gwada.

Ga abin gwajin OraQuick a hannunki. Ba allura, ba jini. Kada ki ci ko ki sha komai minti 15 kafin ki fara. Goga faffaɗan bakinsa a dasashin sama sau ɗaya, na ƙasa sau ɗaya. Tsoma shi cikin 'yar kwalbar. Dubi agogo, ki jira minti 20.

Yanzu dubi 'yar tagar da ke jikin abin gwajin. Harafi biyu ne: C da T. C ita ce mai kama da jinjirin wata, wadda muke fara rubuta "ciki" da ita. T kuwa ta "tuwo".

Layi ɗaya a C: ba a ga alamar ƙwayar ba.
Layi biyu, C da T: ki je asibiti a sake gwadawa.
Babu layi a C: gwajin ya lalace, a sake sabo.

Mu maimaita. Fara neman C. Ɗora yatsa a kanta. Kin gani? Madalla, sannu a hankali. Sannan T. Ko layin T ya yi dishi-dishi, layi ne. Ki lissafa shi.

A ajin bara wata baiwar Allah ta ga layi ɗaya ta fashe da kuka, wai ta kamu. Wata kuma ta bar nata a kan tire ta tafi ɗora sanwa, sai bayan la'asar ta dawo. Haba! Sau nawa zan faɗa? Bayan minti 40 kada ki yarda da abin da ya nuna. C tukuna, sannan T, kuma a kan lokaci.

Darasi na 2: Idan abin bai daɗe ba

Sabon kamu kan ɓuya wa gwajin har wata uku. Ki sake gwadawa bayan wata ukun. Idan fyaɗe ne, ko kwaroron roba ya fashe, ki isa asibiti kafin awa 72, akwai maganin kariya na kwana 28.

Darasi na 3: Mai juna biyu

Ki nemi gwaji a wurin awo. Idan an ga ƙwayar, magani yana kare jariri. Ki ja maigida ku tafi tare.