Yadda za ki magance ƙarancin bitamin A a jikin yaro ba tare da ya yi yawa ba

Ki fara lura da yaron da magariba. In yana wasa lafiya lau da rana, amma da duhu ya fara sai ya riƙa lalube yana tuntuɓe da kwanuka, dundumi ne, alamar farko ta ƙarancin bitamin A. Ki duba farin idonsa a wurin haske. In ya bushe, ko ya yi wani tabo kamar kumfar sabulu, kada ki kwana, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In baƙin idon ne ya fara yin hazo, ki wuce kai tsaye babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, don makanta na iya biyo baya cikin kwanaki kaɗan.

Maganin ƙwanso ne da ake yanke bakinsa a matse wa yaro. Shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11 ne, ja kuma, mai ninkin ƙarfinsa, na ɗan shekara 1 zuwa 5. Mai irin wannan ciwon ido ana ba shi yau, gobe, sai bayan mako 2. Mai ƙyanda ma yana buƙata. Na rigakafi kuwa duk bayan wata 6 ne.

A nan ake yin ɓarna. Bitamin A ba ya bin fitsari, a hanta yake taruwa. Wata uwar ta karɓa a asibiti, masu zagaye su zo unguwa ta sake miƙa yaron, wai kyauta ce. Ki riƙe katinsa, ki tabbata an rubuta ranar. In bai kai wata guda da sha ba, ki ce ya sha. In yana cin abincin tamowa na leda ma ki faɗa, akwai bitamin ɗin a ciki.

Alamar ya yi yawa ita ce amai, ciwon kai, yawan kuka, ga jariri kuma maɗiga ta kumbura. Ki dakatar da duk wani maganin ƙarin jini ko na cin abinci da kika sayo a kemis, ki tafi asibiti da kwalaben a gani. Galibi yana lafawa cikin kwana 2. Mai ciki kada ta kuskura ta sha jan ƙwanson, yana iya naƙasa ɗan da ke ciki.

A gida kuwa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, miyar manja, karas, gwanda, ƙwai, da mangwaro in bazara ta yi. Kada ki rage man, da shi jiki ke jan bitamin ɗin.