Lissafin wa'adin ayyuka a na'urar da ba ta jiran kowa

Ɗauki ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa famfon sola a fadamar Kwalkwalawa, nan Sakkwato. Ayyuka uku ke rabon firosesa ɗaya, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Auna wutar inji na cin milisakan 3 a cikin kowane 10, daidaita gudun famfo na cin 5 a cikin 20, rubutu a allo kuma 12 a cikin 50. Kowanne dole ya gama kafin zagayensa na gaba. Wannan shi ne wa'adinsa.

Fara da ba da fifiko: mai gajeren zagaye shi ke sama. Sai ka haɗa kason kowa, wato lokacin da yake ci a raba da zagayensa, 0.3 da 0.25 da 0.24, jimla 0.79. Masana kwamfuta Liu da Layland sun nuna a 1973 cewa ayyuka uku suna da tabbacin cika wa'adinsu muddin jimlar ba ta wuce 0.78 ba. Mun ɗan haura. Kada ka yi gaggawar sayen firosesa mai tsada, ƙetare wannan iyaka ba hujjar faɗuwa ba ce.

Lissafa mafi munin jinkirin aikin allo. Haɗa lokutan ukun, 3+5+12, wato 20. Cikin milisakan 20 aikin auna wuta zai katse shi sau biyu, na gudu sau ɗaya: 12+6+5, wato 23. To amma 23 ta shiga zagaye na uku na farkon da na biyu na ɗayan, sai ta koma 12+9+10, wato 31. Maimaita, 34. Sake maimaitawa, 34 ɗin dai. Nan ka tsaya, 34 bai kai 50 ba. In ka raba jinkirin da zagayen aiki don sanin sau nawa zai katse, kullum ka cika ragowar rabawa zuwa sama, ko da ɗigo ce.

Inda ake tuntuɓe shi ne makulli, wato abin da ke hana ayyuka biyu amfani da layi ɗaya lokaci guda. In aikin allo ya riƙe layin I2C, wayar saƙon da suke rabawa, na milisakan 8, aikin auna wuta zai jira, 3 da 8 sun zama 11, wa'adin 10 ya wuce. In mai matsakaicin fifiko ya kutsa tsakani, jiran ya ƙara tsawo. Irin wannan ce ta riƙa sa kwamfutar kumbon Mars Pathfinder tana sake kunna kanta a 1997.

A FreeRTOS, manhajar da ke tsara ayyuka a ƙananan na'urori, yi amfani da irin makullin da ake kira mutex, shi ke ara wa mai riƙe da makulli fifikon wanda ke jira. Sai dai aron ba ya goge milisakan 8 ɗin. Yanka rubutun allo gida huɗu, a saki layin bayan kowane milisakan 2, sannan ka sake lissafin tun daga sama.